Masu jiran dashen hanta: abin da ke faruwa kafin waya ta yi ƙara

Duk lokacin da wata cibiyar dashen hanta ta fitar da alƙalumanta, abin da ido ke fara kaiwa gare shi shi ne yawan waɗanda suka rayu bayan tiyata. A manyan cibiyoyin Amurka da Turai, cikin mutum goma da aka yi wa dashe kusan tara suna nan da ransu bayan shekara guda, kuma kimanin uku cikin huɗu kan kai shekara biyar. Abin a yaba ne, balle in aka tuna inda aka faro. A 1963 ne Thomas Starzl ya fara gwada dashen hanta a jikin ɗan Adam a birnin Denver, yaron da aka yi wa bai fito daga ɗakin tiyata da rai ba saboda zubar jini. Sai a 1967 aka samu wadda ta rayu fiye da shekara guda. Har zuwa ƙarshen shekarun 1970 yawancin waɗanda aka yi wa aikin ba sa cika shekara, kafin maganin saikulosforin ya zo ya hana garkuwar jiki yaƙar sabuwar hantar, al'amura suka juya.

Sai dai wannan lissafi yana farawa ne daga ranar da aka tura mutum ɗakin tiyata. Wanda ya rasu yana jira ba ya cikinsa. Wanda aka cire daga layi saboda jikinsa ya yi raunin da ba zai ɗauki aiki ba, shi ma ba ya ciki. A Amurka, inda ake adana bayanan nan dalla-dalla, an yi dashen hanta fiye da 10,000 a 2023, amma kowace shekara akan rasa mutane masu yawa a kan layin, kuma waɗanda ake cirewa da sunan ciwonsu ya yi tsanani yawansu ya yi kusan daidai da na waɗanda suka mutu suna cikinsa. Mafi yawan waɗannan da aka cire ba sa daɗewa bayan haka. A takarda an cire su ne, a gidajensu kuwa zaman makoki aka yi. Ni a ganina duk maganar sakamakon dashen hanta da ba ta fara ƙirga daga ranar da aka rubuta sunan mutum a layi ba, rabin labari ta bayar.

Abin da ya sa jiran hanta ya bambanta da jiran ƙoda shi ne babu na'urar da za ta riƙe mutum. Mai ciwon ƙoda yana iya shekaru yana zuwa wankin ƙoda sau uku a mako, da wahala, amma yana raye. Hanta kuwa ayyukanta sun fi ƙarfin kowace na'ura da aka ƙera zuwa yanzu: ita ke tace dafin da ke fitowa daga hanji, ita ke haɗa sinadaran da ke sa jini ya daskare in an ji rauni, ita ke haɗa albumin da ke riƙe ruwa a cikin jijiya, ita ke ajiye sukari, ita ke fitar da ruwan madaciya. Idan ta gaza, mutum yana dogara ne da ɗan abin da ya rage mata, yana jira.

Hanta gaɓa ce mai haƙuri ƙwarai. Ciwon hanta nau'in B ko nau'in C, yawan shan giya, ko kitsen da ke taruwa a cikinta saboda ƙiba da ciwon sukari, duk suna iya shekara ashirin ko talatin suna cinta ba tare da mutum ya ji komai ba. Duk inda ta ji rauni sai ta yi tabo, tabon nan ya yi ta yawa har naman ya ƙandare ya yi gudaje-gudaje. Wannan shi ne abin da likitoci ke kira sirosis. Ko a wannan mataki ma, akwai zango biyu da tazararsu ke da girma. A zango na farko hantar ta ƙandare amma tana iya ɗaukar nauyin jiki, mutum na harkokinsa. Wani babban nazari da Gennaro D'Amico da abokan aikinsa suka wallafa a 2006, wanda ya tattara bincike 118, ya nuna cewa rabin masu wannan zango suna wuce shekara 12 a raye. Da zarar an shiga zango na biyu kuwa, wato ruwa ya fara taruwa a ciki, ko an yi aman jini, ko hankali ya fara gushewa, ko ido ya yi rawaya da shawara, wannan adadi kan faɗo zuwa kimanin shekara biyu. Yawancin waɗanda ke layin dashe suna cikin zango na biyu ne.

Tushen yawancin wahalar abu guda ne. Jinin da ke tasowa daga hanji da saifa dole ya ratsa ta cikin hanta kafin ya koma zuciya. Idan hanta ta ƙandare, sai hanyar ta ƙuntata, jini ya yi ta dannowa daga baya, kamar ruwan da aka datse wa magudana. Sai ya nemi wasu ƙananan jijiyoyi a ƙasan maƙogwaro da saman tumbi, su kumbura, bangonsu ya yi siriri. Ran da ɗaya ta fashe, mutum zai yi ta aman jini ko bayan gida baƙi ƙirin, kuma ko da kulawar zamani, kimanin mutum 15 zuwa 20 cikin 100 ba sa wuce mako shida bayan irin wannan zubar jini. Wannan dannowar jini ita ce kuma ke sa ruwa ya tsattsafo ya cika ciki, wani lokaci lita goma ko fiye, har numfashi ya gagara. Ruwan da ya kwanta yana iya kamuwa da ƙwayoyin cuta. Ƙoda, wadda ita lafiyarta lau, sai ta fara gazawa saboda jinin da ke isa gare ta ya ragu. Dafin da hanta ta kasa tacewa, musamman amoniya, sai ya hau ƙwaƙwalwa: mutum ya riƙa barci da rana yana ido biyu da dare, ya manta sunan 'ya'yansa, hannunsa na karkarwa, wani lokaci har ya shiga doguwar suma. Iyalai da yawa kan ɗauka tabin hankali ne ko tsufa, alhali hanta ce.

To, idan masu buƙata sun fi hantar da ake da ita yawa, wa za a fara ba? Kafin 2002, a Amurka daɗewa a layi na da nauyi sosai wajen yanke wannan hukunci. Hakan ya sa likitoci suka riƙa rubuta majinyatansu tun ciwo bai yi nisa ba don su tara kwanaki, wanda kuma aka gano nasa a makare sai ya mutu a bayan layi. A watan Fabrairu na 2002 aka koma amfani da wani ma'auni da ake kira MELD, wanda asalinsa masu bincike a asibitin Mayo suka ƙirƙira don wata manufa daban. A lokacin gwajin jini uku yake haɗawa: bilirubin, wato sinadarin da ke kawo shawara, da saurin daskarewar jini, da kiriyatinin mai nuna aikin ƙoda. Sai a fitar da maki daga 6 zuwa 40. Wanda makinsa ya fi yawa shi ne ya fi kusa da mutuwa, shi ake fara ba. Binciken da aka wallafa a 2003 kan mutum fiye da 3,400 da ke layi ya nuna ƙarfin ma'aunin: waɗanda makinsu bai kai 9 ba, kusan biyu cikin 100 ne suka mutu cikin wata uku, waɗanda suka kai 40 kuwa fiye da 70 cikin 100.

Wannan sauyi ya ceci rayuka, ba na shakka. Ya cire son rai daga cikin lamarin gwargwadon iko, domin gwajin jini ba ya duba fuska. Ƙasashe da dama sun ɗauke shi, Birtaniya kuma ta yi nata mai kama da shi. Ya kuma fito da wata gaskiya da ba a zata ba. A 2005 Robert Merion da abokan aikinsa suka nuna cewa mai makin da bai kai 15 ba, haɗarin mutuwarsa cikin shekarar farko ya fi yawa in an yi masa dashe fiye da in an bar shi yana jira. Tiyatar kanta babba ce, magungunan danne garkuwar jiki kuma suna da nasu illar. Don haka ba kowane mai sirosis ne dashe zai amfana a yau ba, kuma likitan da ya ce a dakata ba lallai ne yana jan ƙafa ba.

Amma ma'aunin jini yake gani, ba ya ganin mutumin da aka ɗebi jinin a jikinsa. A nan ne matsalar take, kuma a nan nake son in daɗe.

Ɗauki kiriyatinin. Daga tsoka yake fitowa. Mutumin da ke da tsoka mai yawa yana da kiriyatinin mai yawa ko da ƙodarsa lafiya lau, wanda tsokarsa ta zube kuwa nasa kan yi ƙasa ko da ƙodar ta fara lalacewa. Sirosis kuma cin tsoka take yi: hantar da ba ta iya ajiye sukari takan sa jiki ya koma cin namansa cikin dare ɗaya, kamar mai lafiyar da ya yi kwana biyu ko uku bai ci komai ba. Sakamakon haka shi ne, mafi ramewa a cikin majinyata, wanda hannunsa ya zama kamar sillen kara ga ciki ya kumbura, shi ne gwajin zai nuna kamar ƙodarsa ta fi ta kowa lafiya, makinsa ya sauka, ya koma baya a layi. Mata ma haka abin ya shafe su shekara da shekaru, domin a halitta tsokarsu ba ta kai ta maza ba. Ga kuma ƙanƙantar jiki: hantar babban namiji ba ta shiga cikin ƙaramar mace, sai a tsallake ta a ba na bayanta. Bincike bayan bincike ya nuna mata sun fi maza mutuwa a layi ko a cire su. A 2016 aka ƙara sinadarin sodiyam cikin lissafin, domin wanda gishirin jininsa ya yi ƙasa yana cikin haɗarin da tsohon ma'auni ba ya nunawa. Sai a watan Yuli na 2023 aka fara aiki da sabon salo da ake kira MELD 3.0, wanda ya sa albumin cikin lissafi, ya kuma ƙara wa mata maki 1.33. Gyara ne mai kyau, amma shekara 21 aka yi kafin a yi shi, kuma matan da aka rasa a tsakani ba za su dawo ba.

Raunin jiki kansa ma'auni ne da ya kamata a ɗauka da muhimmanci. Jennifer Lai da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko sun tsara gwaji mai sauƙi da ba ya buƙatar allura: ƙarfin damƙar hannu, da saurin tashi daga kujera sau biyar ba tare da dafa komai ba, da iya tsayawa daram na 'yan daƙiƙoƙi. Sun gano cewa wanda ya gaza a waɗannan ya fi fuskantar mutuwa a layi ko da makinsa daidai yake da na wani. Duk mai jinyar da ya taɓa ɗaga mara lafiya daga gado ya san wannan tun kafin a rubuta shi a mujalla. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai kuma waɗanda makinsu ƙasa yake amma rayuwarsu ta zama azaba. Mutumin da ake zuƙe wa ruwa daga ciki duk mako biyu, ko wanda hankalinsa ke gushewa sau uku a wata, yana iya zama da maki 12 ko 13. Mai ciwon toshewar hanyoyin madaciya yana iya fama da ƙaiƙayin da ke hana shi barci har ya yi wa fatarsa rauni, gwajin jininsa kuwa bai nuna wani tashin hankali ba. Irin waɗannan ciwonsu ya kai a sa su a layi, bai kai a kira su ba. Sukan yi shekaru a haka, kuma da yawa daga masu mutuwa a layi daga cikin masu ƙaramin maki suke fitowa, saboda su ne suka fi yawa, su ne kuma suka fi daɗewa suna jira.

Kansar hanta ta zo da nata lissafin. Mai sirosis yana cikin haɗarin kamuwa da ita, shi ya sa ake son a riƙa yi masa hoton ciki duk wata shida. Mai kansa sau da yawa hantarsa na aiki daidai gwargwado, makinsa ƙasa, abin da ke barazana gare shi shi ne ƙarin ya girma ya wuce iyakar da dashe zai yi amfani. A 1996 Vincenzo Mazzaferro na birnin Milan a Italiya ya shata wannan iyaka: ƙari ɗaya da bai wuce santimita 5 ba, ko ƙari biyu zuwa uku da babu wanda ya wuce santimita 3, kuma bai shiga jijiyar jini ba, bai bazu wajen hanta ba. Cikin majinyata 48 da ya bi, kashi 75 cikin 100 suna raye bayan shekara huɗu. Tun da aka fara aiki da MELD a 2002 ake ba masu irin wannan kansa ƙarin maki na musamman. Da farko an ba su da yawa har suka riƙa tsere wa masu gazawar hanta, sai aka yi ta ragewa, aka kuma sa su jira wata shida a Amurka kafin ƙarin makin ya fara aiki. Hikimar jiran ita ce ƙarin da zai bazu da sauri zai nuna halinsa cikin wannan lokaci, kada a dasa hanta a jikin da kansa za ta dawo. A tsakani ana ƙona ƙarin da zafi ko a toshe jijiyar da ke ciyar da shi. Hujjar tana da ƙarfi, amma a tuna cewa kowane maki da aka ƙara wa wani, wani ne aka tura baya. Babu yadda za a raba abin da bai isa ba kowa ya tashi da murna.

Mafi tsananin yanayi shi ne idan ciwon ya rikice farat ɗaya. Mutum na zaune da makinsa 16, sai ya kamu da ciwon huhu ko ƙwayoyin cuta suka shiga ruwan cikinsa, cikin kwana uku ƙoda ta tsaya, hawan jininsa ya faɗi, aka sa masa na'urar numfashi. Wani babban bincike na Turai da aka wallafa a 2013, wanda ya bi majinyata fiye da 1,300, shi ya fayyace wannan yanayi. Ya nuna cewa idan gaɓoɓi uku ko fiye suka gaza tare, kusan uku cikin huɗu na majinyatan ba sa kai kwana 28 in ba a yi musu dashe ba. A wannan lokaci makin mutum kan yi tsalle ya kai saman layi. Amma abin da ya kai shi saman, wato ƙwayoyin cuta a jini, shi ne kuma ke hana a yi masa aikin, domin ba a danne garkuwar jikin da ke tsakiyar yaƙi. Gaba kura, baya sayaki. Likitoci na neman 'yan kwanakin da cutar ta lafa, jikin kuma bai gama rushewa ba, su yi fatan a samu hanta a daidai wannan tsakani. Waɗanda aka dace da su, da yawansu suna rayuwa lafiya bayan dashe. Waɗanda ba a dace ba, su ne ake rubuta wa cewa ciwo ya yi tsanani.

Ba kowa ne ke barin layi ta wannan ƙofa ba, kuma wannan ɓangare na labarin yana faranta rai. Idan aka kawar da abin da ke cin hantar, wani lokaci takan farfaɗo. Tun daga ƙarshen 2013, da fitowar sofosbubir da magungunan da suka biyo bayansa, ana warkar da ciwon hanta nau'in C a fiye da kashi 95 cikin 100 na masu shan magani, cikin mako 8 zuwa 12. Cutar da ta daɗe tana kan gaba wajen kai mutane layin dashe a Amurka da Turai ta ja baya sosai, wasu ma an cire su daga layi saboda sun samu sauƙi. Masu nau'in B da suka dage da shan tenofobir ko entekabir su ma akan ga ruwan cikinsu ya janye. Sai dai akwai tarko a nan: wani makinsa zai sauka har ya rasa damar samun hanta, amma ƙarfinsa bai dawo ba, ruwan bai daina taruwa ba. Shi ya sa ga masu maki mai yawa, likitoci kan zaɓi a yi dashe tukuna, a warkar da cutar daga baya.

Yanzu giya ce kan gaba a Amurka, kitsen hanta na biye da ita. Shekaru da yawa cibiyoyi sun riƙe ƙa'idar cewa sai mutum ya yi wata shida bai sha ba kafin a sa shi a layi. Ƙa'idar na da amfani ɗaya na gaske: tana ba hanta damar farfaɗowa da kanta. Amma wanda giya ta kumbura wa hanta farat ɗaya kuma magani ya ƙi karɓarsa, yawanci ba ya kai wata shidan. A 2011 Philippe Mathurin ya wallafa sakamakon majinyata 26 a Faransa da Beljiyam da aka zaɓa da tsanaki aka yi musu dashe ba tare da jira ba: kashi 77 cikin 100 suna raye bayan wata shida, takwarorinsu da ba a yi wa ba kuwa kashi 23 kacal. Mutane da yawa na jin cewa wanda ya jawo wa kansa bai kamata ya shiga gaban wani ba. Na fahimci wannan ji, amma ban yarda likita ya zama alƙalin halin mutum ba. Tambayar da ta dace da shi ita ce ko hantar za ta yi amfani a wannan jiki, ko mutumin na da masu tsaya masa, ko ya gane ciwonsa kuma ya yarda a yi masa maganin jarabar sha.

Duk wannan rabon maki yana faruwa ne saboda hantar ba ta isa ba, don haka ƙasar da mutum yake zaune tana yanke makomarsa fiye da kowane gwajin jini. Sifaniya, wadda ta kafa hukumar dashe ta ƙasa a 1989 ƙarƙashin Rafael Matesanz, ta sa ƙwararrun ma'aikata a asibitoci musamman don gano waɗanda za a iya ɗaukar gaɓoɓinsu bayan rasuwa da kuma tattaunawa da iyalansu, ta kuma daɗe tana kan gaba a duniya. Koriya ta Kudu, Japan, Indiya, Turkiyya da Masar kuwa sun fi dogara da masu bayarwa suna raye. Tun 1989, lokacin da Russell Strong ya ɗauki wani yanki na hantar uwa ya dasa wa ɗanta a Brisbane ta Ostireliya, aka tabbatar hakan mai yiwuwa ne, domin hanta na sake girma cikin 'yan watanni a jikin mai bayarwa da na mai karɓa. Ga mai ƙaramin maki da ke shan wahala, wannan ita ce hanyar da ta fi fitar da shi daga jira. Amma aiki ne da ake yi wa mai lafiya, ana iya yanke masa fiye da rabin hanta, kuma cikin kowane dubu akan rasa kaɗan daga masu bayarwa. Dole a tabbatar ɗa ko ƙanwa ko mata da suka miƙa kansu ba matsin dangi ne ya tura su ba. Sauran dabarun faɗaɗa abin da ake da shi sun haɗa da raba hanta ɗaya gida biyu tsakanin yaro da babba, wanda Rudolf Pichlmayr ya fara a Hanoba ta Jamus a 1988, da na'urorin da ke zagaya jini mai ɗumi cikin hantar da aka ciro maimakon a kwantar da ita a ƙanƙara. Gwajin da aka wallafa a 2018 ya nuna irin wannan na'ura ta rage yawan hantar da ake zubarwa da rabi. A ƙasashe da yawa kuwa babu ma layin da za a shiga, kuma da yawa daga cikinsu su ne ciwon hanta nau'in B ya fi yi wa katutu, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 na ɗauke da ita a 2022.

Abin da ya rage a hannun majinyaci da masu jinyarsa shi ne ya isa ranar kira da sauran ƙarfi a jikinsa, kuma wannan aiki ne na kullum. A da ana hana masu ruɗewar hankali cin abinci mai gina jiki don tsoron amoniya. An gano kuskure ne, yana ƙara zubar da tsokar da ita kanta ke taimakawa wajen kwashe amoniyar. Yanzu shawarar ita ce a ci giram 1.2 zuwa 1.5 na furotin ga kowane kilo na nauyin jiki, a guji daɗewa da yunwa, a ɗan ci wani abu kafin a kwanta barci, a rage gishiri, a riƙa tattaki ko da a tsakar ɗaki ne. Maganin laktulos, mai fitar da amoniya ta bayan gida, ana shan sa ne har a riƙa yin bayan gida mai laushi sau biyu ko uku a yini, kuma daina shi na kwana biyu kawai na iya kai mutum asibiti a sume. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac na iya tsayar da ƙodar mai sirosis, haɗe-haɗen da ba a san abin da ke cikinsu ba kuma sun sha ƙarasa hantar da ke tangal-tangal. Zazzaɓi kaɗan, ko ciwon ciki, ko raguwar fitsari, ko a ga mutum yana magana ba kan gado, duk dalilin tafiya asibiti ne a ranar, ba a bari sai gobe. Wanda ƙwayoyin cuta suka taɓa shiga ruwan cikinsa, in ba a ɗora shi kan maganin kariya ba, kusan bakwai cikin goma cutar kan dawo musu kafin shekara ta zagayo.

Akwai abu ɗaya da ake yawan ƙaurace wa, shi ne kulawar sauƙaƙa raɗaɗi da maganar abin da za a yi in hantar ba ta zo ba. Likitoci da iyalai duka suna jin kamar buɗe wannan magana yanke ƙauna ne, sai a yi shiru har mutum ya shiga suma bai faɗi abin da yake so ba. Alhali ana iya yin biyun tare: sunansa na layi, wayarsa na kunne dare da rana, jakarsa na ɗaure a bakin ƙofa, ana kuma magance masa ƙaiƙayi da murɗewar tsoka da rashin barci da damuwa, ana tambayarsa tun hankalinsa na jikinsa wa zai yanke hukunci a madadinsa, kuma ko yana son a sa masa na'urar numfashi in an riga an cire shi daga layi. Mai jinyar ma yana buƙatar a tambaye shi yadda yake, domin sau da yawa ya bar aikinsa, ya daina barci, shi ke ƙirga ƙwayoyin magani, shi ke tuƙa mota cikin dare.

Ko wayar ta yi ƙara ma, tsugune ba ta ƙare ba. Akan kira mutum da tsakar dare, ya iso asibiti, a ɗebi jininsa, a hana shi ci da sha, ya yi sallama da iyalinsa, sai bayan sa'o'i likita ya shigo ya ce hantar da aka ciro kitse ya yi mata yawa, ko an ga wani ƙari a jikin mamacin, ba za a yi amfani da ita ba. Ya kamata a sanar da kowane majinyaci tun ranar da aka rubuta sunansa cewa hakan na faruwa, wani har sau biyu ko uku, kuma matsayinsa a layi bai taɓu ba saboda haka. Zai sa tufafinsa ya koma gida, ya sha laktulos na safe, ya sake sa wayar a caji.